Wa Ke Da Ta Cewa a Kan Filin Kado?

A yawancin garuruwan Arewa, idan za a yi babban gini a unguwa, mai unguwa zai sani, dagaci zai sani, ƙaramar hukuma ma tana da ta cewa. A Kado, inda aka haife ni, lamarin ya sha bamban, kuma na ga haka da idona da wani kamfani ya nemi izinin gina rukunin gidaje a filin da ke bayan gidanmu.

Kado tana ƙarƙashin AMAC, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 6 na Babban Birnin Tarayya. Amma Doka ta 6 ta shekarar 1976, wadda gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa birnin da ita, ta damƙa ƙasar yankin baki ɗaya a hannun Gwamnatin Tarayya. Saboda haka Ministan Abuja ne ke ba da fili, ba ciyaman ba. Bayanan mallaka suna wurin AGIS, zanen gini kuwa sashen kula da gine-gine na birnin ne ke duba shi. Kansila zai iya sauraron kukanka, amma alƙalamin sa hannu ba ya wurinsa.

Abin da ake dubawa yana da muhimmanci: ko takardar fili ta gaskiya ce, ko tsarin birnin na 1979 ya ware wurin don gidajen zama, hawa nawa za a yi, ina ruwa zai bi. Ba wasa ba ne, domin iyayenmu har yau suna ba da labarin jan fenti a bango da rusau na zamanin Malam Nasir El-Rufa'i, daga 2003 zuwa 2007.

Sai dai akwai abin da taswira ba ta nunawa. Ni Bagware ne (mu da ake tsokana da gwaranci, ga shi Hausar nake karantawa a jami'a), kuma a filin nan kakata ta yi noman doya kafin Abuja ta iso mu. Gonar ta tafi tuni, ba ita muke kuka ba. Abin da ya rage wata 'yar hanya ce da mata ke bi da kaya a ka zuwa kasuwar kifi, da kuma kwarin da ruwan damina ke gangarawa. Idan katanga ta toshe kwarin, tsakar gidajenmu ruwan zai kwana.

Ba na adawa da gini. Duk wanda ya ga cunkoson ma'aikatan da ke shigowa daga Mararaba da Kubwa da asuba ya san birnin na bukatar gidaje, ko da yake ina shakka ko su ne za su iya biyan waɗannan.

Dattawan unguwa sun yi zama a zauren kawuna: Gwarawa, Hausawa, Ibo da Tibi, kuma da Hausa aka tattauna domin ita ce kowa ke ji. Kawu ya ce, “Kai ɗan jami'a, ɗauki biro.” Buƙata biyu muka rubuta: a bar hanyar, a kuma gina magudanar ruwa kafin a ɗora bulo. Na mayar da wasiƙar Turanci, muka kai kofi ɗaya ga kansila, ɗaya ga masu duba zanen. Kamfanin ya riga ya kewaye filin da kwano, mata kuma yanzu ta bakin titi suke zagayawa.