Yawan maki da ingancin jifa a gasar NBA

Akasarin muhawarar da ake yi kan gwanayen ƙwallon kwando takan tsaya ne a kan yawan makin da ɗan wasa ke ci, alhali adadin ba ya nuna yawan jifan da ya ɓarnatar kafin ya tara su, kuma kowane jifa da ya kauce dama ce da ta kuɓuce wa ƙungiyar baki ɗaya. Wannan ne ya sa masu nazarin gasar NBA ta Amurka suka koma auna inganci, wato makin da ake samu daga kowace dama.

Ma'aunin da aka daɗe ana amfani da shi shi ne kason jifan da ya shiga kwando, sai dai ya raunana tun da aka shigo da layin maki uku a 1979. Wanda ya jefa goma daga kusa biyar suka shiga ya ci maki 10, wanda kuwa ya jefa goma daga bayan layin huɗu suka shiga ya ci 12, amma tsohon lissafin zai fifita na farko. Haka kuma ba ya ƙirga jifan kyauta, wanda ake bai wa ɗan wasa idan an yi masa keta, inda Shaquille O'Neal, da ya riƙa shigar da kusan kashi 58 cikin ɗari a fagen wasa, bai wuce kashi 53 ba a matsakaicin shekarunsa na wasa. Sabon ma'aunin, da za a iya kira ingancin jifa na haƙiƙa, ya haɗe ukun, wato jifan maki biyu, na maki uku da na kyauta: ana raba makin da ninki biyu na jimillar jifa, bayan an ƙirga kowane jifan kyauta a matsayin 0.44, domin yawanci bibbiyu ake bayar da su, wani lokaci kuma guda ɗaya ne a kan ƙwallon da ta riga ta shiga.

Da wannan ma'auni ne darajar kakar Stephen Curry ta 2015 zuwa 2016 ke fitowa fili, lokacin da ya riƙa cin maki 30.1 a wasa, ya shigar da jifan maki uku 402, ingancinsa ya kai kusan kashi 67, yayin da Allen Iverson, gwarzon 2001 mai maki 31.1, ya tsaya kusa da kashi 52.

To amma ma'aunin ma yana yaudara idan aka ɗauke shi shi kaɗai. Dogayen 'yan wasa irin su Rudy Gobert kan kasance a sahun gaba, saboda ba sa jifa sai an miƙa musu ƙwallo a gindin kwando, alhali Iverson, mai tsayin ƙafa shida kacal, shi ake bar wa jifa mai wuya idan lokaci ya ƙure, a ƙungiyar Philadelphia da ba ta da wani maciyin maki kamarsa. Zamani ma yana da nasa tasirin, domin Wilt Chamberlain ya riƙa cin maki 50.4 a wasa a kakar 1961 zuwa 1962 da jifa kusan 40 a kowane wasa, babu layin maki uku, kuma wasan ya fi na yanzu sauri nesa ba kusa ba. Saboda haka kwatancin da ya dace shi ne a auna mutum da matsakaicin ingancin zamaninsa, a kuma duba nauyin da aka ɗora masa, kuma idan aka bi wannan hanya, kakar Curry tana cikin 'yan ƙalilan da suka haɗa yawan maki da inganci a lokaci guda.