Ɗan Masani ya tafi, wa zai zama jakadan fadamarmu?

Mu matasan Haɗejiya, da an ambaci jakada sai mu hango wani mai babbar riga a cikin jirgin sama, mutumin da babu abin da ya haɗa shi da kifin Marma ko shinkafar Auyo. Amma idan muka duba rayuwar marigayi Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗan Masanin Kano, za mu ga aikin ya fi kusa da mu fiye da yadda muke zato.

An haifi Maitama Sule a Kano a shekarar 1929. Da koyarwa ya fara, sannan ya shiga siyasa, ya zama Ministan Ma'adinai da Wutar Lantarki a 1959 lokacin bai wuce shekara 30 ba. A zamanin Gwamna Audu Baƙo ya yi kwamishina a Jihar Kano, wadda Haɗejiya ke cikinta har zuwa 1991 da aka ƙirƙiri Jigawa. Ke nan mu ma namu ne. Ya nemi jam'iyyar NPN ta tsayar da shi takarar shugaban ƙasa, Alhaji Shehu Shagari ya yi nasara a kansa. Bai yi fushi ya koma gefe ba. Da Shagari ya tura shi New York a matsayin wakilin Najeriya na dindindin a Majalisar Ɗinkin Duniya, ya karɓa, har ya shugabanci kwamitin musamman na yaƙi da mulkin wariyar launin fata a Afirka ta Kudu.

Wannan kwamiti ba shi da soja, ba shi da bindiga. Makaminsa baki ne: tattara shaidar zalunci, da shawo kan ƙasashe su daina ciniki da wasanni da gwamnatin wariyar. Ya yi wa mutanen da aka hana kujera a zauren magana, alhali Nelson Mandela yana kurkuku. Ya bar muƙamin a 1983 ba tare da ya ga ƙarshen gwagwarmayar ba, domin sai a 1990 aka saki Mandela, a 1994 kuma ya zama shugaban ƙasa. Haka aikin yake, wani ya shuka, wani ya girba.

To, mene ne namu a ciki? Ruwa. Kogin da muke rayuwa a kansa ba a hannunmu makullinsa yake ba. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yawan ruwan da ke iso mana da lokacin isowarsa sun dogara da shawarar da ake yankewa can sama. Canjin tafiyar ruwan ya taimaka wa kachalla ta toshe hanyoyi, har wani gari ya nutse, maƙwabcinsa kuma yana neman na ban-ruwa. Ambaliyar 2022 ba ta fita daga zukatanmu ba.

Mu ma akwai waɗanda ke kallon hannunmu. Ruwan da ya wuce mu shi ke zuwa Nguru da Gashuwa, ya zama Komadugu Yobe, ya bi iyakar Najeriya da Nijar ta wajen Diffa, ya nufi Tafkin Chadi. Saboda irin wannan ne Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka kafa Hukumar Tafkin Chadi a 1964. A shekarar 2000 kuma aka sanya tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar, ga tsuntsayen da ke tasowa daga Turai duk hunturu suna sauka a wajen Baturiya. A duk waɗannan wurare ana zama ana tattauna makomar fadamarmu. Tambayar ita ce, wa ke zaune a madadinmu, kuma ya san bambancin kukan masunci da na mai noman rani?

Shi ya sa muke ganin jakadanci daga gida yake farawa. Duk kaka, idan shanu suka gangaro fadama kafin a gama kwashe amfanin gona, sai an sami mai saurare da kunnuwa biyu, wanda makiyayi zai yarda da shi, manomi ma ya yarda. Wanda ya iya sasanta wannan rikici a gaban mai unguwa ya riga ya karanta babin farko na aikin da ake yi a New York.

Sauran babukan a aji suke. Harsunan aiki na Majalisar Ɗinkin Duniya shida ne, uku daga ciki kuwa suna kusa da mu: Ingilishi a boko, Larabci a Islamiyya, Faransanci a bakin maƙwabtanmu na Nijar. Kada mu raina ƙungiyar muhawara ta makaranta, domin a can ake koyon kare hujja ba tare da zagi ba. Mu riƙe tarihi da labarin ƙasa. 'Yan'uwanmu mata ma ba a bar su a baya ba, tunda Amina Mohammed ta zama Mataimakiyar Babban Sakataren Majalisar a 2017.

A wannan shekarar ce, ranar 3 ga Yuli, Ɗan Masani ya rasu a Alƙahira. Ya daɗe da rasa ganinsa, amma bai daina zuwa taruka yana kiran shugabanni ga adalci, yana kiran matasa su tashi tsaye ba. Kiran nan da mu yake, domin in ba mu koyi faɗin damuwarmu da hujja da ladabi ba, wasu za su raba ruwan ba da mu ba.

Allah Ya jiƙan Ɗan Masani da rahama, Ya fitar da irinsa daga cikinmu.