Ciwon da bai zo da kuka ba

Duk gidan da ke da mai emasi, wato amosanin jini, ko sikila kamar yadda ake cewa a Najeriya, ya san daren kuka. Yaro ya riƙe ƙafa ko baya yana ihu, uwa na gasa masa da ruwan ɗumi, uba na waje yana neman adaidaita tsakar dare. Mu nan Maradi shekara bakwai muna cikin haka da yaronmu, har na ɗauka ciwon ba shi da wani sabon abu da zai nuna mini. Abin da ya kusa raba mu da shi kuwa shiru ya zo.

Ya dawo daga lakwal da ɗan zazzaɓi da majina. Muka ce palu ne, aka ba shi parasetamol, jikin ya yi sanyi. Bayan kwana huɗu sai ya daina wasa. Ba ya cewa ko'ina na masa ciwo, kwanciya kawai yake yi, in ya je bakin randa ya dawo sai haki. Ni har daɗi na ji, tunda ba ihu. Inna ta ce a haɗa masa malta da madara, jini zai dawo. Uwarsa ce ta buɗe tafin hannunsa ta aza kusa da nata, ta ce, "Malam, dubi nan. Wannan ba hannun ɗana ba ne." Fari fat. Ta ja fatar idonsa ta ƙasa, nan ma ba ɗigon ja.

A likita aka gwada palu, babu. Aka auna jini. Ma'auninsa da muka saba gani tsakanin 7 da 8 ya sauka ƙasa da 4. Lokotoron ya taɓa cikinsa ya ga saifa ba ta kumbura ba, ya sa aka ƙirga sababbin ƙwayoyin jini, waɗanda ba su jima da fitowa ba. Kusan babu su. Ya ce da ni, "Baban yaro, ba zuba jinin ya yi ba. Wurin yin shi ne ya tsaya."

Wurin nan shi ne ɓargo. Ni da ɓargo na san shi a ƙashin miya kawai, ashe cikinsa ake ƙera jini: jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iska, farare masu yaƙi da cuta, da ƙananan da ke tsayar da jini in an yanke. Cikin kowace daƙiƙa ɓargon babban mutum yana fitar da jajaye wajen miliyan 2. Akwai wata ƙwayar cuta, parbobirus B19, da ke bin tari da atishawa tsakanin yara. In ta shiga jiki, ɓargo take nufa, ta kashe iyayen jajayen ƙwayoyin tun ba su nuna ba, aiki ya tsaya kwana 7 zuwa 10. Lokotoron ya ce alamun duk nata ne.

To me ya sa ƴan ajinsu suka yi majina suka warke, nawa ya kwanta? Jar ƙwayar mai lafiya tana kwana kamar 120 kafin ta mutu. Ta mai emasi kwana 10 zuwa 20 ne. Kamar mai rumbu ne da mai awon tiya kullum. In kasuwa ta rufe mako guda, mai rumbu ba zai ma sani ba, mai awo kuwa ranar ukku tukunya ta bushe. Shi ya sa malta da madara, da zogale, da duk maganin ƙarin jini na farmasi ba su da abin yi a nan. Kayan aiki ne kake kai wa ma'aikatar da ke rufe. Maganin kashe ƙwayoyi irin su amoksisilin ma ba ya taɓa birus, kuma ba a yi mata rigakafi ba har yanzu. Ƙarin jini ne kawai ke riƙe yaro har ɓargon ya farfaɗo da kansa.

Ba ita kaɗai ke taɓa ɓargo ba. Sida tana rage ƙwayoyin jini, wasu masu ciwon hanta ɓargonsu kan durƙushe bayan ciwon, dengi kuma, wadda ta addabi Burkina Faso a 2023, ƙananan masu tsayar da jini take karyarwa.

Neman jinin shi ne wahalar da ba zan manta ba. Nawa bai dace da nasa ba. Na kira mutum shida, huɗu suka ce suna tsoron kada nasu ya ƙare. Na ji haushi a daren, amma da safe na tuna ni ma ban taɓa bayarwa ba sai da abin ya zo kaina. Ƙanen uwarsa ne ya ajiye kabu-kabunsa ya zo ya miƙa hannu. Kafin ledar ta ƙare leɓen yaron ya fara ja, ya ce yana son fura.

Da za mu fita lokotoron ya ce wanda ya yi wannan cuta sau ɗaya galibi ba ya sake yinta. Amma ya tambaya ko akwai wani mai emasi a gidan, ko mai ciki, don tana iya tsayar da jinin ɗan tayi ma. Ƙanwarsa mai shekara huɗu tana da emasi, tabarma ɗaya suke kwana. Mako ukku muka yi muna buɗe tafinta safe da yamma a hasken rana. Ran na tara uwarta ta ce ba ta yarda da launin ba, muka ɗauke ta ba mu jira zazzaɓi ba. Jininta ya fara sauka, amma bai kai na yayanta ba, kuma wannan karon mun tafi da kawun nasu da abokinsa tun daga gida.