Gas a bakin ƙofa, amma da itace ake girki

Jama'a, tunda ana ta kukan tsadar gas ɗin girki, bari in kai ku inda abin ya fi ba ni mamaki. Na yi shekaru ina sarin bandar kifi a ƙauyukan gaɓar teku na Jihar Ribas. A tsibirin Bonny ne kamfanin NLNG yake, tun 1999 yake tura gas ƙasashen waje, kuma tun 2007 yake ba kasuwar cikin gida gas ɗin girki. Amma shiga ƙauyen masunta a yankin, hayaƙin itace ne zai fara tarbarka.

Ba wai matan ba su san daɗin gas ba ne, lissafi ne kawai. Itace kullum za ta saya na 'yan canjin da ke hannunta, ko ta shiga kwale-kwale ta saro. Gas kuwa sai ta tara kuɗin tukunya da na murhu a dunƙule. In ya ƙare ba wurin cikawa a ƙauye, sai ta biya jirgin ruwa zuwa gari, ga shi tun da aka cire tallafin fetur a 2023 kuɗin jirgi ya haura. To wa zai ga laifinta?

Abin da ke damuna shi ne itacen da ake sarewa. Bishiyoyin nan ne da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, a saiwoyinsu ƙananan kifaye ke girma, su ne kuma ke riƙe gaɓa kada ruwa ya cinye ta. Kenan masunci na ƙona abincinsa na gobe. Gaskiya bandar kifi dole sai da hayaƙi, gas ba zai yi wannan ba. Amma tukunyar abinci fa? Ita ce ke ci wa mata da yara ido da ƙirji kullum.

Sanagal ta fara wannan yaƙi tun 1974, kuma da ƙananan tukwane ta ci nasara a birane, irin wanda talaka zai iya ɗauka ya kuma iya biya. Mu ma abin da ya kamata ke nan: ƙaramar tukunya, biya kaɗan-kaɗan, da wurin musanya a mashigar jirgi.

Kada ɗan Arewa ya ce ina ruwansa. Lissafin da ke cinye dajinsu shi ke mayar da namu gawayi. A garinku nawa ake cika kilo yanzu? Allah Ya kawo mana sauƙi.