Zafin Namu Ne, Hayaƙin Fa Na Wane Ne?

A arewacin jihar Minisota ta ƙasar Amurka, inda aikin koyarwa ya kai mu da iyali, sanyi ya kan shigo tun watan Oktoba, ba ya kuwa sakin mutane sai wajen Afrilu. Wanda ya san sanyin Jos a tsakiyar hunturu, ɗanɗano kawai ya yi. A wani ƙaramin gari na wannan jiha mai suna Tawa, ran 2 ga Fabrairu 1996, ma'aunin Selsiyus ya sauka har digiri 51 ƙasa da inda ruwa ke daskarewa. A irin wannan ƙasa, gidan da wutarsa ta mutu, kafin kwana ɗaya ko biyu ruwan famfo ya daskare, bututai su fashe, masu gida su nemi inda za su fake. Saboda haka kowane magidanci ya kan yi lissafin ɗumi kamar yadda ya ke yin na abinci.

Gidan da mu ke ciki na katako ne, yana bayan gari. Mun tarar da injin ɗumama a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Yana ƙona wani irin gas da a ke kira furofen, wanda mota ke kawowa ta ɗura a babban tanki a bayan gida. Wutar ta zafafa iska, sa'an nan fanka ta tura iskar cikin hanyoyin kwano da su ka ratsa ƙarƙashin daɓe, ta fito a kowane ɗaki. A bangon falo akwai wata 'yar na'ura mai auna zafi, ita ce ke kunna injin ta kashe shi da kanta. Inji ne mai biyayya, aibinsa ɗaya ne, wato cin kuɗi. Maƙwabtanmu ba su manta da watan Janairu na 2014 ba, sa'ad da gas ɗin ya yi ƙaranci a jihohin tsakiyar Amurka, har galan ɗaya ya haura dala 4. Albashin malamin makarantar ekklisiya kuwa kun san tsawonsa. Ga shi filin gidan ya haɗa da ɗan kurmi, inda iska ke ka da itatuwa kowace shekara, suna ruɓewa a banza. Wannan ya sa a shekarar 2021 mu ka ƙudura mu ƙara tukunyar itace ta waje a kan abin da mu ke da shi.

Bari mu kwatanta muku ita. In ka hango ta daga nesa sai ka ce ɗan ɗakin ajiya ne na kwano mai bututun hayaƙi a ka. A cikinta akwai akwatin ƙarfe inda a ke zuba itace, akwatin kuwa ruwa ne ya kewaye shi, galan ɗari da wani abu ko fiye. Wuta ta kan kai ruwan wajen digiri 80, ba a barinsa ya tafasa. Daga nan ƙaramin famfo mai aiki da lantarki ya tura shi cikin bututun roba da a ka binne a ƙasa har cikin gida, wani bututun kuma ya komo da shi bayan ya sauke zafinsa. Ruwan nan ɗaya ne ke ta kai da kawowa dare da rana. A kan naɗe bututan biyu da abin tsare zafi wanda ruwa ba ya ratsawa, gama in damshin ƙasa ya taɓa su, ƙasar ce za ta sha zafin, maigida kuwa ya yi ta faskare a banza. A nan ma su kan gane gidan da a ka yi ƙwauron wannan aiki, domin a kan ga layi ɗaya inda dusar ƙanƙara ta narke, daga tukunya har bakin bango.

Haɗa sabo da tsoho shi ne wurin da ke bukatar gwani. A bakin babbar hanyar iska, bisa tsohon injin, ma'aikacin ya sa wani abu mai kama da lagireton mota. Ruwan zafi daga waje ya bi ta cikinsa, tsohuwar fanka ta hura iska ta ratsa shi, iskar ta ɗauki zafi ta bazu cikin ɗakuna ta hanyoyin da ta saba bi. Ya kuma kafa na'urar auna zafi ta biyu a bango, wadda aikinta kunna fanka kaɗai, ba ta taɓa gas. Ta farin kuwa ya sauke ta ƙasa kaɗan, domin in itace ya cinye, ɗaki ya fara sanyi, tsohon injin ya tashi da kansa. Gidajen da ke ɗumama da ruwa tun asali, su a kan sa musu faya-fayan ƙarfe a tsakani, zafi ya ƙetare daga wannan ruwa zuwa wancan ba tare da sun gauraya ba. Ta haka kuma mu ke samun ruwan wanka.

Waɗansu su kan so su cire tsohon injin su sayar. Mu dai mun bar namu, muna kuma kiran mai gyara ya duba shi kowace shekara kafin sanyi ya shigo. Tukunyar itace tana bukatar hannun mutum safe da yamma. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da maigida, ko tafiya ta kama iyali duka, wa zai zuba itace? Samun sabon bara ba dalilin korar tsoho ba ne, musamman tsohon da ba ya barci.

Amfanin fitar da wuta waje a fili ya ke. Ba toka a ɗaki, ba ƙwari da ke shigowa cikin ɓawon itace, ba tsoron kunkunniya ta kama wuta a bututun hayaƙi yara suna barci. Muna cikin lissafa waɗannan, tun ba mu sayi kome ba, sai uwargida ta yi tambayar da ta juya dukan shawarar. Ta ce, "Malam, zafin dai za ka jawo mana shi cikin gida ta bututu. To, hayaƙin fa, gidan wa zai nufa?"

Tambaya ce mai nauyi, ga kuwa dalili. Tsohon samfurin tukunyar nan, in ruwa ya kai zafin da a ke so, sai ƙofar iska ta rufe da kanta. Wutar ba ta mutu ba, ba ta kuma ci sosai, sai ta yi ta turnuƙewa. Bangon akwatin kuma, da ya ke ruwa na bayansa, ya kan hana wutar yin ƙarfin da za ta cinye hayaƙinta. Sa'ad da ƙofar ta sake buɗewa, sai hayaƙi ya tuɗaɗo. Bututun kuwa gajere ne, bai kai tsayin rufin gida ba, don haka hayaƙin ya kan kwanta ƙasa-ƙasa, ya bi iska ya shiga tagar mutane. A cikinsa akwai ƙura mai laushi ƙwarai wadda ido ba ya gani, ita ce ke nutsewa can cikin huhu, ta tayar da ciwon fuka, ta wahal da masu ciwon zuciya da tsofaffi da jarirai. Mai tukunya yana kwance cikin ɗumi, wani yana tari.

Wannan ya haddasa ƙararraki da yawa tsakanin maƙwabta, har hukuma ta sa baki. Jihar Niyok, cikin dokar da ta soma aiki a 2011, ta ce sabuwar tukunyar gida sai ta yi nisan ƙafa 100 daga iyakar fili, bututunta kuma kada ya gaza ƙafa 18 daga ƙasa. A 2015 hukumar kare muhalli ta ƙasar Amurka ta sa wa masu ƙera tukwanen iyakar ƙurar da za su fitar, sa'an nan daga watan Mayu na 2020 ta ƙara matse iyakar zuwa ƙasa da sulusin ta farko. Sabon samfurin da ya cika wannan sharaɗi yana jan hayaƙin ƙasa, ya bi da shi ta wani ɗaki na biyu mai tsananin zafi, inda hayaƙin kansa ke kamawa da wuta. Hayaƙi, ashe, itace ne da bai gama ci ba. Mai ƙona shi ya rage faskare, ya kuma hutar da maƙwabci.

Amma dokar ta fi shafar sababbi. Tsofaffin suna nan a hannun mutane, an kuwa yi mana tayin wata da kuɗin da bai kai rabin na sabuwa ba. Mun daɗe muna juya maganar, gama dukan aikin da sabuwa zai haura dala 15,000, sai da rance. Abin da ya yanke shawarar shi ne iska. A nan iskar sanyi daga arewa maso yamma ta fi busowa, a kudu maso gabas da mu kuwa akwai wata tsohuwa gwauruwa mai ciwon fuka, wadda ta riga mu zama a wurin da shekaru da dama. Arahar da za mu samu, da numfashinta za a biya. Mu ka je mu ka gaishe ta, mu ka nuna mata wurin da mu ke nufin kafa tukunyar, mu ka roƙe ta duk ranar da ta ji warin hayaƙi ta gaya mana, kada ta ji nauyi. Mun sayi sabuwa, mun kafa ta ta gefen da iska ke kai hayaƙin cikin kurmi, mun kuma ƙara wa bututun tsawo. Kafin haka mun nemi iznin hukumar gunduma, mun sanar da masu inshorar gidan.

Duk da haka, kowace irin tukunya ba ta fi itacen da a ka zuba mata ba. Ɗanyen itace, kusan rabin nauyinsa ruwa ne, wuta kuwa sai ta kore ruwan nan tukuna kafin ta ba da zafi. Ƙa'ida ita ce damshin kada ya wuce kashi 20 cikin 100, akwai ma wata 'yar na'ura mai allura biyu da a ke soka wa itace a gani. Wani itace mai tauri da su ke kira ok, wanda ke tuna mana da ƙirya, ya kan ɗauki shekara biyu kafin ya bushe bayan an faskara shi. Ma'auninsu na itace sunansa kod, wato tari mai tsawon ƙafa 8, faɗi 4, tsayi 4. Gidanmu ya kan ci wajen kod 8 a sanyi ɗaya. Ma'ana, itacen da mu ke faskarawa bana na baɗi ne ko na baɗin baɗaɗa. Ba a fafe gora ranar tafiya. A shekarar fari sai da mu ka sayi busasshe, a kusa kuwa mu ka saya, domin ana hana yawo da itacen wuta saboda wani ƙwaro ɗan asalin Asiya mai kashe itatuwa, wanda a ka fara gani a jihar Mishigan a 2002, ya ɓulla a Minisota a 2009.

Mun kuma kafa wa yara doka: ba leda, ba taya, ba katako mai fenti, ba sharar gida. Tun da ya ke bakin tukunyar babba ne, tana kuma nesa da hancin mai ita, jarabar mai da ita juji tana da ƙarfi. Abin da mutum ba zai ƙona a ɗakinsa ba, bai kamata ya ƙona shi a ƙofar wani ba.

Kada wani ya zaci an sami ɗumi kyauta. Asabar ɗinmu da yawa a kurmi su ke ƙarewa, da zarto mai inji da gatari. Akwai kwashe toka, da auna ruwan tukunyar a zuba masa maganin tsatsa, da fita da asuba cikin sanyin da ke sa gashin hanci ya ƙage. In lantarki ya ɗauke, famfo ya tsaya, fanka ta tsaya, ko da wuta na ci sai an ta da janareta. Amma motar gas da ke zuwa sau da yawa a dā, yanzu sau ɗaya ta ke zuwa a shekara, rancen yana raguwa, yara kuma sun san inda ɗumi ke fitowa. Sanyi uku na fari sun wuce tsohuwar nan ba ta kawo kuka ko sau ɗaya ba, wannan kuwa ya fi mana ragin kuɗin daɗi.

Ya ku masu karatu, mun sani yawancinku ba za ku taɓa bukatar irin wannan tukunya ba. Amma wuta halinta ɗaya ne ko'ina. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu yana fitar da iska mai guba marar wari, wadda ta sha kashe mutane cikin barci, don haka fitar da shi waje daidai ne. Sai dai in kun fitar, ko murhu ne, ko janareta, ko tarin shara da za ku cinna wa wuta da magariba, ku tsaya tukuna ku ga inda iska ta nufa, ku kuma tuna wanda ke kwana a bayan wancan danga.