Jar Dawa da Toka

Ɗiyata ce ta sayo mini The Road na Cormac McCarthy a Strand, shagon littattafan nan da ke Broadway, wai don in rage gyangyaɗi a jirgin ƙasa mai lamba 4 idan zan koma Bronx. Gyangyaɗi kam ya gudu. Littafin ya fito a 2006, ya ci kyautar Pulitzer a 2007. Duniya ta ƙone, toka ta rufe rana, wani uba da ɗansa, waɗanda ko suna ba a ba su ba, suna tura keken kanti zuwa kudu, bindigarsu da harsashi biyu.

Da na kai inda uban ya tsinci gwangwanin Coca-Cola ya miƙa wa yaron, sai warin anza ya taso mini. Maradi, farin 1973. Inna takan jiƙa anza kwana da kwanaki, tana sauya ruwa har ɗacin ya ragu. Ba ya taɓa fita duka. Ana kwaɗa tafasa da ɗan ƙuli-ƙuli. Buzaye sun gangaro daga arewa, raƙumansu sun ƙare a hanya, suka yada zango a bayan gari. Sannan jar dawar agaji ta iso daga Amurka, tuwonta ja wur, Kaka na tauna tana tambayar ko can ƙasar dawakai ne kaɗai ke cin abinci. A Afrilun 1974 Seyni Kountché ya kifar da Diori Hamani, manya suka kewaye rediyo, mu kuwa muna can muna langa.

Ba mu san masifa muke ciki ba, Allah Sarki. Turmi ya rage ƙara, amma almajiri bai daina bara a ƙofa ba, Inna kuma ba ta daina cewa “Kai, zo ka karɓa” ba, ko da ƙanzo ne. Abin da ya hana ni barci a littafin ke nan: mutum ya hango mutum daga nesa, sai ya ɓuya. Babu sallama.

Washegari na shigo da buhun shinkafa biyu daga shagon ’yan Gambiya. Hajiya ta dube ni ta ce, “Malam, in tashin duniya ne, wa zai hau da su bene na biyar?”