Amshi a Idi-Araba

Ina da shekara goma sha biyu a duniya lokacin da rikicin Idi-Araba ya ɓarke a Mushin, a farkon watan Fabrairu na 2002, mako guda kacal bayan fashewar rumbun makamai na Ikeja. Mutanen Ikko ba su gama binne gawarwakin wancan bala'i ba, sai ga wuta a unguwarmu. Muka tsere zuwa wani barikin soja, daga mu sai tufafin jikinmu. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, bai biyo mu ba.

Kwana biyu Inna ba ta ci ba, ba ta yi magana ba, ko hawaye bai zubo mata ba.

A cikin waɗanda suka fake tare da mu akwai wani tsoho makaho da ya saba bara a ƙofar masallacinmu, yana rera Infiraji ta Aliyu Namangi, yara biyu suna karɓa masa. Mu kuwa, don ƙuruciya, har kwaikwayonsa mukan yi. A dare na biyu sai ya ɗauko waƙar a hankali. Da ya kai inda ya kamata a karɓa sai ya dakata, ya manta cewa yaran sun ɓace a cikin gudu. Wurin ya yi tsit. Ya sake jawo baitin, ya sake dakatawa.

Inna ce ta karɓa, da wata murya dusasshiya da ban san ta da ita ba. Mata suka bi, sannan maza. Can tsohon ya shaƙe da kuka, ya kasa ci gaba, amma jama'a suka riƙe masa waƙar, suna ta maimaitawa har ya farfaɗo.

Daga baya a jami'a an koya mana cewa aikin amshi shi ne tsare karin waƙa da bai wa mawaƙi damar numfasawa. Ban musa ba, sai dai a ganina bayanin ya gaza. Wanda baƙin ciki ya ɗaure wa harshe ba ya iya ƙago kalma tasa, amma yana iya aron ta jama'a, ya saka kukansa a ciki ba tare da an ware shi ba.

Da asuba Inna ta dama kunu, ta miƙa wa tsohon, ta ce, "Malam, ka jiƙa maƙoshi." Sannan ta sha ragowar. Kawu dai ba mu sake ganinsa ba.